Labarin Wayar Iska Cikin Ƙaramin Jirgin Mishan

Mu da mu ke zaune a Nima da Mamobi, cikin birnin Ankara na ƙasar Gana, wanda Turawa ke kira Akra, ba sai an yi mana kwatancin jirgin sama ba. Filin jirgi yana nan kusa da mu, dare da rana muna jin ƙugin masu tashi da masu sauka. Amma a cikin wannan littafi na Jubili, inda mu ke tuna alherin Ubangiji da wahalar waɗanda suka riga mu, muna so mu ba da labarin wani abu da ba a ganinsa daga ƙasa, wato akwatunan da a ke ɗaurawa a gaban matuƙin ƙaramin jirgin mishan. Iyayenmu su kan ce wayar iska, 'ya'yanmu kuwa su ce rediyo. Da yawa a cikinmu asalinmu Arewa ne, ƙasar Kano da Zariya da Jos da Maraɗi, inda waɗannan jirage suka yi aiki. Saboda haka labarin namu ne.

Zamanin da babu kira

Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka Ikko, wato Legas, da nufin kai bishara ƙasar Sudan. Su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, mafarin mishan ɗin da aka sani da S.I.M. Ciwo ya tsai da Bingham a bakin teku, sauran biyu suka nausa cikin ƙasa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida. A kwanakin nan in mutum ya kwanta ciwo a daji, labarinsa ba ya wuce saurin ƙafar ɗan aike. Kafin takarda ta kai, a dawo da amsa, sau da yawa an riga an rufe kabari.

Duk da haka aikin bai mutu ba. Aka kafa tasha a Patigi a 1902, aka shiga Damagaram a 1924. Aka buɗe asibitin ido a Kano a 1943, asibitin Galmi a 1950, na Jan Kwano a Jos a 1959. Mishan ɗin ya iso ƙasar nan a 1956, tun ana kiranta Gwalkwas, shekara guda kafin samun mulkin kai. Da tasoshi suka yi yawa sai nisa ya zama babbar damuwa, gama da damina rafi guda ya isa ya tsai da mota kwana da kwanaki.

Yadda jirgi ya shigo

Jirgin sama ya fara sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, sa'ad da jiragen sojan Ingila uku suka zo daga Masar. A lokacin yaƙin Hitila, tun daga 1940, a kan kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a nan ƙasarmu, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Dubban jirage suka bi hanyan nan. Dominsu aka gyara filaye, har da na Ankara, aka kuma kafa tasoshin wayar iska a kan hanya.

Da aka gama yaƙi, waɗansu matuƙa masu bi suka ga ya kamata gwanintar da suka koya ta yi wa bishara hidima. A 1945 suka kafa ƙungiyar da aka sani da M.A.F. Wata mace, Betty Greene, ita ce ta yi tashin farko, daga Amurka zuwa Meksiko, a Fabrairu na 1946, daga baya kuma ta yi tuƙi a Nijeriya da Sudan. A 1948 masu juya Littafi Mai Tsarki a ƙasar Peru suka kafa tasu ƙungiya, JAARS, wadda a cikin sunanta ma aka gama jirgin sama da rediyo. S.I.M. ita ma ta yi nata reshe, SIMAIR, wanda ya yi shekaru yana tashi daga Jos, daga baya kuma ya yi cibiya a Yamai.

Kowace laba da lissafinta

Mai karatu zai ce, me zai hana a cika jirgi da kowane irin rediyo? Amsar ita ce nauyi. Mu ɗauki Cessna 180, wanda ya fito a 1953, irin jirgin da mishan da dama suka yi aiki da shi. Abin da ya ke iya ɗauka duka, da mutane da mai da kaya, kimanin laba 1,000 ne. Galan ɗaya na man jirgi laba 6 ne, in an zuba galan 50 laba 300 ta tafi ke nan. A fid da nauyin matuƙi, abin da ya rage shi ne rabon marar lafiya da mai jiyyarsa da magani da buhun wasiƙu.

Rediyon zamanin kuwa ba irin na yanzu ba ne. Ƙananan kwalabe masu zafi ne a cikinsa, waɗanda a ke kira bawul, ga kuma wani akwati dabam mai nauyi wanda ke ɗaga ƙarfin wutar batir domin kwalaben su yi aiki. A ce akwatunan duka sun kai laba 40. Wannan nauyin yaro ne mai shekara biyar. Don haka kafin a sayi kowane akwati sai matuƙi da makaniki da shugabannin mishan su zauna su tambayi juna, shin wannan abu ya isa a bar yaro a ƙasa dominsa? Kuɗin kuma baikon masu bi ne, waɗansunsu matalauta, ba a kuwa yin wasa da irin wannan kuɗi.

Rediyon magana

Bukata iri biyu ce, ta magana da ta neman hanya. Na magana ma iri biyu ne. Na fari shi ne wanda a ke kira VHF, da shi matuƙi ke magana da hasumiyar filin jirgi, a tsakanin megahaz 118 da 137. Muryarsa garau ta ke, hadari ba ya damunsa ƙwarai, eriyarsa kuma ɗan tsinke ne kimanin inci 22. Aibinsa ɗaya ne: miƙe ya ke tafiya kamar hasken tocila, ba ya lanƙwasa ya bi bayan tudu. Jirgin da ke ƙafa 5,000 a sama ya kan ji tasha daga nisan mil 100 ko kusa da haka. In ya sauko ƙafa 1,000 sai nisan ya koma mil 45. In ya sauka ƙasa, shi ke nan, ba mai jinsa sai na kusa. Tsakanin Jos da Kano kusan mil 150 ne. Jirgin da ya sauka a ɗan filin daji a tsakaninsu, da VHF kaɗai, daidai ya ke da bebe.

Na biyu shi ne HF, wato gajeren zango. Kalman nan ba baƙuwa ba ce gare mu mutanen Zango, gama zango shi ne tafiya daga masauki zuwa masauki. Muryar gajeren zango ta kan hau sama, ta bugi wani rufi na iska mai nisa, ta komo ƙasa a bayan ɗaruruwan mil. Ta wannan hanya ce iyayenmu suka riƙa jin wa'azi da Hausa daga gidan rediyon ELWA na Laberiya, wanda ya fara aiki ran 18 ga Janairu, 1954. Shi wannan rediyo yana da shi da hayaniya, yana son doguwar waya, mitar da ta yi kyau da rana kuma ba lalle ta yi kyau da dare ba. Amma da shi matuƙi zai iya zama a gindin itace a bakin fili ya kira gida. Saboda haka ga jirgin daji HF shi ne na kan gaba, VHF kuwa domin shiga manyan filaye kamar Kano da Ankara, inda doka ta ce sai an nemi izinin hasumiya.

Rediyon neman hanya

Ainihin kayan aikin matuƙin daji su ne taswira da kamfas da agogo. Ya kan ja layi a taswira, ya lissafta iska da lokaci, ya riƙa duban kogi da dutse da hanyar jirgin ƙasa. Amma kowa ya san hazon hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ta kan taso daga hamada ta rufe sararin sama, wani lokaci mutum ba ya ganin abin da ke mil guda a gabansa. Kuskuren digiri ɗaya a kamfas ya kan kau da jirgi mil ɗaya cikin kowane mil 60. Kuskuren digiri 5 cikin tafiyar mil 120 mil 10 ke nan. A cikin hazo mutum zai wuce garin da ya ke nema bai sani ba, mai kuwa yana ta ƙarewa.

Maganin wannan shi ne akwatin da a ke kira ADF, wanda matuƙa ke ce masa kamfas na rediyo. A ƙasa akwai tasoshi masu aika sauti dare da rana, yawancinsu a tsakanin kilohaz 190 da 535, kowace tana buga haruffan sunanta da bugun tangaraho. In matuƙi ya kamo tashar, sai allura ta juya ta nuna inda ta ke. Wani amfaninsa kuma, yana kama gidajen rediyo na matsakaicin zango, irin na Kaduna da aka buɗe a 1962, allurar ta nuna inda turken gidan ya ke.

Amma allurar nan tana da halinta, wanda bai san shi ba za ta ɓad da shi. In hadari ya taso ta kan bar tasha ta nuna walƙiya. Da asuba da magariba ta kan yi ta rawa. A bakin teku, kamar nan wajenmu, ta kan karkata kaɗan, haka kuma a cikin duwatsu. Shi ya sa a kan gargaɗi sabon matuƙi kada ya bi allura sai ya saurari haruffan tashar da kunnensa, ya kuma gwada abin da ta nuna da taswirarsa.

Akwai wani iri kuma, VOR, a tsakanin megahaz 108 da 118, wanda ya fi daidai, hadari kuma ba ya ruɗa shi. Sai dai shi ma miƙe ya ke tafiya, tasoshinsa kuma a manyan filaye su ke. Jirgin da yawancin tafiyarsa ƙauyuka ne, ADF ya fi yi masa amfani. Da kwalabe suka ba taransista wuri, musamman bayan 1960, akwatunan kamfanoni irin su Narco da King suka rage nauyi da cin wuta, sa'an nan ya zama da sauƙi a gama su duka cikin jirgi ɗaya.

Aikin ɗaurawa

Sayen akwati rabin aiki ne. Duk wanda ya taɓa zagawa Zongo Lane, inda a ke sayar da wayoyi da ƙananan kayan gyaran rediyo, ya ga masu gyara sun duƙufa da dalma a hannu, ya san cewa waya guda da ba ta kama ba ta isa ta kashe akwati duka. A cikin jirgi abin ya fi haka tsanani, gama babu gefen hanya da za a tsaya.

Da fari sai a auna. Jirgi kamar ma'auni ya ke, in nauyi ya yi yawa wajen wutsiya ba ya biyayya ga matuƙi. Kowane akwati sai an rubuta nauyinsa da inda aka ajiye shi a littafin jirgin, a sake lissafi. Sa'an nan a dubi wuta: batir da dinamo za su iya ɗaukar wannan ƙari? Kowane rediyo a kan ba shi nasa fis, domin in ɗaya ya ƙone kada ya tafi da sauran. A kan zaunar da akwatin a kan roba saboda jijjigar inji, a bar masa hanyar iska saboda zafin ƙasarmu.

Sai eriya. Ta HF doguwar waya ce, a kan ja ta daga bisa kan matuƙi zuwa wutsiya. A waɗansu jirage kuma waya ce mai ɗan nauyi a bakinta, a sake ta a sama tana bin jirgin, a naɗe ta kafin a sauka. Wanda ya manta bai naɗe ba, ya bar wa itatuwan bakin fili. Ta VHF tana son faifan ƙarfe a gindinta, saboda haka a jirgin da aka rufe jikinsa da zane sai an sa mata faifai a ciki. A kan kuma raba eriya da eriya kamar ƙafa uku, kada su shiga maganar juna.

Bayan wannan sai yaƙi da hayaniyar inji. Kowane fulogi yana tartsatsi, tartsatsin nan kuwa rediyo yana jinsa kamar ana suyar gyaɗa. Sai an sa wa wayoyin fulogi riga ta saƙar ƙarfe, an kuma haɗa sassan jikin jirgin da juna sosai, kafin murya ta fita.

Na ƙarshe, wanda mai gaggawa ya kan manta, shi ne kamfas. Ƙarfe da wutar sabon rediyo su kan ja allurar kamfas. Don haka sai a kai jirgin wani fili nesa da ƙarafa, a ta da inji, a kunna rediyo, a juya hancinsa fuska goma sha biyu, digiri 30 tsakanin kowace, ana gwadawa ana gyarawa. Kuskuren da ya rage a rubuta shi a ɗan kati a manna a gaban matuƙi. Sa'an nan a nemi lasin gwamnati da mitar da aka yarda, jirgin ya riƙa kira da haruffan da ke jikinsa: 5N na Nijeriya, 5U na Nijar, 9G na Gana.

Mai saurare a ƙasa

Duk wannan aiki banza ne in babu kunne a ɗaya gefen. Al'adar jiragen mishan ita ce, matuƙi ya kira gida sa'ad da zai tashi, ya faɗi inda za shi da yawan mutane da man da ke gare shi. A kan hanya ya riƙa kira lokaci lokaci, in ya sauka kuma ya kira. Sau da yawa matar matuƙin ce ke zaune gaban akwatin, da littafi da fensir, tana rubuta sa'a da wuri, ga girki ga yara. Tasoshin daji kuma su faɗi halin sama da halin fili, ko an yi ruwa, ko akwai marar lafiya.

Abin da ya faru a ƙasar Ekwado ya nuna nauyin wannan al'ada. Ran Lahadi 8 ga Janairu, 1956, matuƙin M.A.F. Nate Saint yana tare da abokansa huɗu a bakin kogin Kurarai, suna jiran mutanen kurmi da su ke so su kai wa bishara. Da ƙarfe goma sha biyu da rabi ya kira matarsa Marj, ya ce zai sake kira ƙarfe huɗu da rabi. Lokacin ya yi, ba a ji kome ba. Kashegari da safe wani matuƙi ya tashi ya nufi wurin sosai, ya hangi jirgin an yayyage shi. Dukansu biyar an kashe su. Rediyo bai cece su ba, amma saboda an san wuri, an kuma san sa'a, shirun da kansa ya zama labari, ba a kuwa yi makonni ana neman inda su ke ba. Mu gwada wannan da kwanakin Gowans da Kent.

Abin da ya sake, da abin da bai sake ba

A 1995 aka kammala tsarin GPS na taurarin ɗan adam 24, a shekarar 2000 kuma aka buɗe wa farar hula cikakken daidaicinsa. A 1998 kamfanin Garmin ya fito da akwati guda wanda ya gama rediyon magana da VOR da GPS da taswira, aikin da dā sai akwatuna uku ko huɗu. Ƙasashe da yawa sun yi ta rufe tsofaffin tasoshin da allurar ADF ke bi. Ɗan akwatin da ke kuka in jirgi ya faɗi, shi ma tun Fabrairu na 2009 taurari ba su sauraronsa a kan megahaz 121.5, sai a kan 406. Amma har yanzu sai an auna nauyi, sai an gyara kamfas, sai an ɗaure kowace waya da gaskiya, sai kuma wani ya zauna yana bin tafiyar jirgin har ya sauka.

A ranan Jubili a kan ambaci masu wa'azi da likitoci da matuƙa, ya kuwa dace. Muna so a ƙara da makanikai waɗanda suka kwanta rigingine a ƙarƙashin allon matuƙi cikin zafin bazara, da matan da suka yi tsaron akwati, da mutanen ƙauye da suka share fili suka kori awaki. Marasa lafiyan da aka ɗauka zuwa asibiti, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, yawancinsu ba su taɓa sanin sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ga samarinmu da 'yan matanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango, masu koyon gyaran rediyo da waya, muna cewa kada ku rena sana'arku. Ku koyi lissafi, ku koyi karanta zanen wayoyi, ku saba da yin aiki mai tsabta a wurin da maigida ba zai duba ba. Aikin jirgin sama yana bukatar irin hannuwan nan, aikin Ubangiji kuma haka. Mu kuwa iyaye, in mun ji ƙaramin jirgi ya wuce bisa rufinmu, mu yi addu'a domin wanda ke tuƙi da wanda ke saurare. Ubangiji ya kiyaye tashinsu da saukarsu. Amin.